'Ya'yan Fari Da Ajin Yaya Hajo

Da daminar bana shekara bakwai ke nan da muka kai yayata, Malama Hajara, makwancinta. Mu a gida Yaya Hajo muke ce mata. Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan tara jikoki a yi mata addu'a, a raba masa, kowa ya kama gabansa. Bana na ga addu'a kaɗai ba za ta sauke min abin da ya tokare min ƙirji ba, shi ya sa na ɗauko alƙalami, ni da rabona da dogon rubutu tun ina malamin gona ina cika rahoton takin zamani. Mai karatu ya yi haƙuri da tsoho. An ci amanar 'yar'uwata, kuma da hannuna a ciki.

Garinmu ƙarami ne a ƙasar Bagudo, can bakin iyaka. Ba zan faɗi sunansa ba, don wanda ya san mu ya riga ya gane, wanda bai san mu ba kuwa sunan ba zai ƙare shi da komai ba. In ka hau babur da hantsi, kafin rana ta take tsaka kana cikin ƙasar Binin, wadda tsofaffinmu har gobe Faranshi suke ce mata. Hausawa, Fulani da Dandawa, na nan da na can, kasuwa ɗaya muke ci, juna muke aure. Iyaka ta gwamnati ce, mu dai abin da muka sani hanyar gidan surukai.

Yaya ta yi aikin koyarwa a firamaren garinmu har ta yi ritaya, kuma duk tsawon shekarun nan ba ta bar aji ɗaya ba. Sau da yawa an so a mai da ita aji shida, ta ce a bar wa masu son girma. A zamaninta ba a tambayar takarda ranar ɗaukar yara. Hedimasta zai jera su a tsakar makaranta, kowa ya ɗora hannun dama bisa kai ya kamo kunnen hagu. Wanda ya kamo ya isa, wanda bai kamo ba sai baɗi. Ni kaina sau biyu aka mai da ni gida, don Allah ya ba ni ƙaton kai da gajeren hannu, kuma Yaya ba ta daina yi min gori a kan haka ba har na yi furfura. Gwajin ba na masu ilimi ba ne, na sani. Amma hannu da kunne kowane yaro da su yake zuwa daga gida, ɗan sarki da ɗan talaka.

Abin da ya dame ta yana cikin ajin ne. Ta lura yaran da ke shigowa kashi biyu ne. Akwai 'yan cikin gari, waɗanda suka tashi suna jin Hausa, suna ganin littafin yayyensu. Akwai kuma 'yan rugage da 'yan ƙauyukan bakin gulbi, waɗanda ko "zo nan" ba su ji, ba su taɓa riƙe fensir ba. Waɗannan sai su yi zango guda suna zare ido, a ce musu daƙiƙai, kafin a yanke shinkafa an neme su an rasa. Wata rana na ce mata ai kowa da rabonsa, ta harare ni ta ce ni da nake yawo fadama-fadama ina hana mutane watsa iri, ina cewa sai an reni shinkafa ta yi ƙwari kafin a dasa, ashe ban san ɗan mutum ma haka yake ba. Ban sake sa mata baki a zancen ba.

Da ta yi ritaya sai ta kafa rumfar kara a ƙofar gidanta, ta shimfiɗa tabarmi. Sharaɗinta ɗaya ne, yaro ya iya zuwa da ƙafarsa. Shekara guda take riƙe su kafin su shiga aji ɗaya. Ta koya musu gaisuwa da Hausa, ƙirga da 'ya'yan tsamiya, riƙon fensir, da yadda ake neman izini in fitsari ya matsa. Dandanci a bakinta kamar can aka haife ta. Fulatancinta kuwa abin dariya ne, kuma da shi ta ci rugage, don matan Fulani kan zo su ji yadda take karya musu harshe, su yi ta dariya, su tafi su bar mata yara. Shekarar da ruwa ya ci gonakin wajen Kaoje mutane suka hauro tudu wurinmu, 'ya'yansu ma a rumfar suka zauna har ruwa ya janye, ba ta tambayi daga inda kowa ya fito ba.

Kada a ɗauka labarin waliyyiya nake bayarwa. Yaya tana da baki, tana da mintsini, kuma ba ta iya ba da haƙuri ba. Mun taɓa yin wata uku ba ma gaisawa a kan katangar gona. Amma ban taɓa ganin ta juya wa yaro baya ba.

Da labari ya zo cewa gwamnati ta ce kowace firamare ta buɗe ajin share fage na shekara guda, Yaya ta yi murnar da ban ga ta yi ranar aurenta ba. Ta ce abin da take yi da kara da tabarma yau hukuma ta gane shi. Makarantar ba ta da fili, ta ba da wanda ta gada daga mijinta, wanda ke jingine da katangar makarantar. Ta matsa min na shiga kwamitin iyayen yara, wai in zama idonta. Ba ta ga an ɗora kwano ba. Ciwo ya kwantar da ita ana tsakar gini, kuma ranar da na je gaishe ta da safe, kwana biyu kafin ta cika, ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, kar ku yi ma ajin ga ƙohwa wadda ta hi ta rumhwata ƙunci." Na yi dariya na ce ai rumfa ba ta da ƙofa. Ta ce, "Abin da nika nuhi ke nan."

An gama ɗaki, an zuba ƙananan kujeru arba'in masu launi, an turo malama guda. Nan take mutanen da a da ke cewa rumfar Hajo wurin 'yan daji ce suka fara rige-rigen kawo nasu, har da masu shan nono. Yara suka ninka kujeru. Aka kira kwamiti, hedimasta Malam Lawali ya shugabanta. Shi Lawali ɗan masunta ne daga bakin gulbi, ya shigo aji ɗaya a hannun Yaya ba ya jin Hausa, kuma damina biyu a gidanta ya kwana saboda ruwa ya yanke hanyar ƙauyensu. Shi ya kawo shawara cewa duk yaron da za a ɗauka ya zo da takardar haihuwa ta Najeriya. Ya ce da ita za a san ainihin shekarun yaro, kuma za ta hana mutanen ƙetare kwashe kujerun 'yan ƙasa. Magana ta fito fes, ba son kai, ba alfarma. Na sa hannu, ni ne na biyu a jeri, har na gyara musu wata jimla da ba ta zauna ba.

Ga abin da dukanmu muka sani, amma babu wanda ya tuna a wurin. A ƙasarmu mace ba ta haihuwar fari a ɗakin miji. Ciki na kai wata bakwai ake mai da ita gidan iyayenta goyon ciki, can za ta haihu, can za a yi suna, sai ta yi arba'in ta dawo. To, gida nawa ne a garinmu da ba su auro daga ƙetare ba? Ke nan ɗan fari a irin waɗannan gidaje a Binin ake haihuwarsa, in ma yana da kati da Faransanci aka rubuta. Na biyu da na uku a nan ake haihuwarsu, su sami takarda. Sai ka ga gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, an hana wa, in lokacin ƙane ya zo a ɗauke shi. 'Yan rugage kuwa, na fari da na ƙarshe, yawancinsu a ɗaki ungozoma ta karɓe su, babu wanda ya rubuta komai.

Mai karatu zai ce, to me ya hana iyaye kawo kuka? Kunya ce ta hana. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, balle uba ya tsaya gaban hedimasta yana roƙa masa kujera. Wannan aikin kakanni ne, in suna raye kuma in sun san hanyar makaranta. Dokar da muka rubuta ta sauka daidai kan yaran da al'ada ta ɗaure bakin iyayensu. Shekara da shekaru ba wanda ya ce uffan, mu kuwa muka ɗauka shirun yarda ne. Nakan tambayi kaina kwana nawa Yaya za ta yi kafin ta gane. Ina jin ko wuni ba za ta yi ba, don ita ta san ɗan farin kowane gida, ta san kuma garin da uwarsa ta je wanka.

Ni ban gane ba sai da abin ya shigo gidanmu. In za ka gina ramin mugunta, an ce gina shi gajere, ni kuwa ban ma san rami nake ginawa ba. Ɗan Yaya guda ne, Aminu, manomin shinkafa. Bayan rasuwarta ya auri Zali, Badandiya daga ƙetare. Ta je gida ta haifi 'ya mace, aka mai da sunan Yaya, Hajara. Tun da ba mai iya kiran wannan suna a gidan, Uwani ake ce mata. Ni amaryata nake kiranta, ita kuma ta ce ba ta auren mai sanƙo. Bana ta cika shekara biyar. Dandancin uwarta ya fi Hausa yawa a bakinta, in baƙo ya yi mata magana sai ta ɓoye bayan zane. In ka ce a nuna maka irin yaron da Yaya ta kafa rumfa dominsa, Uwani za a nuna maka.

Ranar ɗaukar yara Aminu ya tsiri zuwa gona tun da asuba, kamar yadda kowane uban ɗan fari zai yi. Ni na kama hannunta muka tafi. A gabana a layi akwai Goggo Dije, tsohuwar Bafulatana da ta shekara tana kawo wa Yaya nono, wadda ƙananan 'ya'yanta duk ta rumfa suka bi. Ta zo da jikarta ta fari. Aka tambaye ta takarda, ta ce Malama ba ta tambaya. Aka ba ta haƙuri cikin ladabi. Ba ta yi musu ba, ta gyara ɗaurin zane, ta ja yarinyar suka fita. Ina tsaye ina kallo, kuma wallahi har a lokacin ban kawo komai a raina ba, don ni da kati a aljihu.

Da aka zo kaina Malam Lawali ya taso ya durƙusa ya gaishe ni. Ya karɓi katin, ya juya shi, ya sake juyawa. Sai ya buɗe wani fayil ya tura min, na ga dokar takardar haihuwa da sa hannuna a layi na biyu. Ya ja ni gefe ya ce hanya biyu ce. Ko in je in samo takardar rantsuwa cewa a nan aka haife ta, kamar yadda masu wayo ke yi, ko kuma in bar masa. "Baba, jikar Malama ta," in ji shi. "Ko ba takarda sai ta zamna. Amma shi tsaya tsakaninmu."

Ban san na iya fushi irin na Yaya ba sai ranar. Na ce masa ban tsufa don in rantse a kan ƙarya ba, kuma ban zo neman alfarma a filin 'yar'uwata ba. Na nemi a kira kwamiti.

An zauna ranar Asabar da safe a cikin ajin, manya da manyan riguna a kan kujerun yara, gwiwa a haɓa. Na duba fuskoki, fiye da rabi ta hannun Yaya suka bi. Na ce mun yi kuskure, ni na farko, a soke dokar. Na ce mai unguwa da arɗo da ungozoma sun isa shaida kan shekarun yaro. In kujeru ne matsala, a raba yara safe da rana, ko a kwashe kujerun a shimfiɗa tabarmi, ɗakin zai ci ninki biyu. Aka ce malama guda ce, ba za ta iya wuni ba, kuma wannan gaskiya ne, ban musa ba. Aka ce in an buɗe, Faranshi duka za ta kwararo. Na ce waɗanda nake magana a kansu 'ya'yanku ne, a gidajenku suke kwana. Kowa ya sunkuyar da kai, don a cikinsu akwai masu 'ya'yan fari a waje, kuma ko a nan kunyar ba ta sake su ba. Game da tabarma kuwa, wani ya ce koma baya ne, in baƙi suka zo dubawa me za su ce.

Sai wani dattijo ya miƙe ya ce ya ga raina ya ɓaci, kuma Malama ta fi ƙarfin a ɓata wa danginta rai. Ya ba da shawara a rubuta sunanta a bangon ajin, kuma kowace shekara a ware kujera ɗaya ga zuriyarta, da takarda ko babu. Wuri ya ɗauki madalla. Na sha baƙin ciki a rayuwata, na binne mata, na binne ɗa, amma ban taɓa jin irin ɗacin da na ji a wannan madalla ba. Matar da ta ƙare ƙarfinta don kada a fifita ɗan wani a kan ɗan wani, ita aka saka wa da fifita jikarta. Da aka ce masu son a soke doka su ɗaga hannu, nawa kaɗai ya tashi. Lawali ya kafa ido a kan fayil. Ba mugu ba ne, har yau ina faɗa, amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Na koma gida na ƙudura cewa Uwani ba za ta hau wannan kujera ba. Na sami Aminu a tsakar gida yana gyaran buhuna na gaya masa. Ya dubi ƙasa ya ce yadda na gani. Me zai ce, 'yar fari ce. Ina shirin tashi sai ga Zali ta fito daga madafa. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Kawu, Hajara na son karatu," in ji ta. "Ku bari ta shiga."

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba ba zai san nauyin abin da ta yi ba. Sunan 'yarta ta fari ne, kuma sunan uwar mijinta ne, kunya biyu a kalma ɗaya, shekara biyar bai taɓa fita daga bakinta ba. Aminu ya ajiye buhun ya fita. Ni kuwa na ga abin da nake shirin yi. Ni na sa hannu a dokar, amma yarinya 'yar shekara biyar nake so ta biya, don in samu in ce ban karɓi alfarma ba. Ranar Litinin na kama hannunta na kai ta. Sunan Yaya na nan a bango da shuɗin fenti, bai gama bushewa ba.

Yanzu wata na biyu ke nan tana zuwa. Hausa ta fara zama a bakinta, tana ƙirga har ashirin, jiya ma ta ce in zo ta koya min riƙon fensir don nawa riƙon na tsofaffi ne. Ina jin daɗi, ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba. Ajin yana aiki, abin da Yaya ta faɗa gaskiya ne, shekara guda ɗin nan tana sauya yaro. Kuma wannan ne ke ƙara min ciwon, don yanzu ina gani da idona abin da ake hana sauran.

To me ya rage na Yaya Hajo bayan shekara bakwai? Akwai fili, akwai ɗaki, akwai suna a bango. Akwai magidanta cike da gari da suka iya karatu da rubutu saboda ita, kuma da riƙon alƙalamin da ta koya musu suka rubuta dokar nan. Na daɗe ina auna wannan, ban sami inda zan ajiye shi ba. Abin da na tabbata ya rage nata, wanda ba a shafa masa fenti ba, yana wurin mutanen da ba a kira su taro, waɗanda har yau in an tambaye su takarda suke cewa Malama ba ta tambaya.

Ranar kasuwar da ta wuce na haɗu da Goggo Dije a rumfar masu nono. Na so in kauce, ta riga ta gan ni. Ta gaishe ni da fara'a, ta ce ta ji takwarar Malama ta shiga, Allah ya sa albarka, da Malama na raye da ta ji daɗi. Babu habaici a muryarta, da akwai da na fi samun sauƙi. Na ce amin.

Amma na san yayata. Da tana raye ba za ta ji daɗi ba, kuma ba za ta yi dogon faɗa ba. Tambaya ɗaya za ta yi min, ta ce Auta, 'yar wa aka mayar gida jikata ta zauna? Kuma yau ina da amsa, don a ranar kasuwar nan jikar Goggo Dije tana tsaye a gefen kakarta da 'yar ƙwarya a kai, tana koyon tallan nono. Na tambayi sunanta. Sunanta Ramatu, shekararta biyar, kuma da na ce mata sannu da Hausa ba ta san abin da za ta amsa ba.